Kafin a Buɗe Akwati

Litinin, da hantsi

An sa rana! Alhamis ta makon gobe za mu buɗe akwati. Na rubuta, na karanta, na sake karantawa. Dogo, abokin aikina da bango kawai ya raba ofishinmu, shi ya faɗo min ko sallama babu, wai sauran 'yan ƙungiyarmu na ƙasashen waje duk sun amsa, kowa ya ce ya gama nasa binciken. Na miƙe na daka tsalle, ni da girmana, na ture kofin shayi a kan takardun jarrabawar ɗalibai. Su yi haƙuri, rana na nan, za su bushe.

Malam ya kamata ya fara ji. Shi ya kafa aikin nan, shi ya koyar da ni kimiyyar sararin samaniya tun ina ajin farko a jami'a. Na kira wayarsa, Mama matarsa ce ta ɗauka. Ta ce yana barci, ta ce jikin da sauƙi. Gobe zan je asibitin da yake kwance da ƙafata.

Litinin, da yamma

Baban yara ya dawo daga shagonsa na gyaran firji, yana wanke hannu a kicin ya ɗaga murya.

"Dakta, wai akwatin nan da kike ta ambato tun a waya, me ke ciki? In zinariya ce a sanar da ni da wuri."

Na zaunar da shi, karo na ban san adadi ba. Na ce sararin samaniya faɗaɗa yake yi, gungun taurari sai ƙara nisantar juna suke, wannan ba mai musu. Musun shi ne da wane sauri. Masu awo da tsohon hasken da ya rage tun farkon duniya sun ce sittin da bakwai. Masu awo da taurarin da suka fi kusa da mu sun ce saba'in da uku. Kowa ya sake lissafi, kowa ya kafe a kan bakansa.

"Sai ku raba musu a saba'in, kowa ya kama gabansa."

"Ba cinikin tsohon firji ba ne, malam."

Na ce mu hanya ta uku muka bi. Akwai wata aba mai tsananin haske, muna ce mata fitila, can ƙurewar nisa, tsakaninmu da ita kuma ga wani gungun taurari mai nauyin gaske. Nauyin nan yana lanƙwasa haske, sai fitila ɗaya ta bayyana mana a wuri huɗu. In ta ɗan ƙara haske, za mu ga abin a hoto ɗaya yau, a wani hoton sai bayan makonni, don hanyarsa ta fi tsawo. Kamar mutum biyu su bar gida tare, ɗaya ya miƙe titi, ɗaya ya zaga ta bayan kasuwa. In ka san ratar isowarsu, ka kuma san nauyin abin da ya tare hanyar, to saurin ya fito.

Akwatin kuwa ba na katako ba ne. Tun ranar farko muka sa kwamfuta ta ɓoye mana amsar: duk abin da muke gani a allo an gusar da shi da wata lamba da ba wanda ya sani. Malam yakan ce zuciya ɓarauniya ce, in ta san inda take so amsa ta faɗa, hannu zai kai ta can mai hannun bai sani ba. Don haka ba a buɗewa sai kowa ya ce ya gama, kuma abin da aka gani shi za a buga, da daɗi ko ba daɗi. Wanda idonsa ya riga ya ga lambar kuwa, ya cire hannunsa daga aikin ke nan, ba ya ƙara taɓa komai.

"Wato shekara da shekaru kina aikin da ba ki san amsarsa ba, kuma da gangan."

"Ƙwarai kuwa!"

"Ikon Allah. Duniya na ta faɗaɗa, amma falon nan ko taku ɗaya bai ƙaru ba."

Na jefe shi da matashin kujera.

Talata, tsakar rana

Ɗakin Malam shi ne na ƙarshen baranda, gadonsa kusa da taga. Ina shiga ya ce, "Mai Gardama, wannan murmushin ba na banza ba ne, zauna ki zazzage." Haka yake kirana tun ranar da na musa masa wani lissafi a gaban aji, kuma ni ce ban yi daidai ba.

Da na faɗa masa sai ya buga hannu a kan katifa. Ya ce a ɗaga masa filo. Ya shiga tsohon karatunsa: sittin da bakwai ce, babu tantama, masu saba'in da uku akwai datti a ma'auninsu, ranar da suka goge shi za su dawo gida da kansu. Na ce to idan ba datti ba ne fa? Idan duka biyun daidai suke, ashe akwai wani abu da ya faru tsakanin farkon duniya da yau wanda ba ya cikin lissafinmu. Ya ce, "Ke kullum sai kin nemo aljani a inda ɓera ne kawai." Muka yi ta yi har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mu rage murya, akwai marasa lafiya a nan. Malam ya ce, "Ina suke?"

Ya ce ranar Alhamis a ajiye masa kujerarsa ta gaba, kada Dogo ya zauna masa a kai.

Agogonsa yana zamewa har kusa da gwiwar hannu. Mama ta ce maɗaurin ne ya saki.

Laraba, da hantsi

Ajin yau ya yi daɗi, kai! Na gaya wa ɗalibai cewa duk abin da muka sani, taurari da duwatsu da ruwa da su kansu da wayoyinsu, bai wuce kashi biyar cikin ɗari na abin da ke akwai ba. Sauran, wani abu ne mai nauyi da ba ya ba da haske, da wani ƙarfi da ke tura komai nesa da komai. Wata ɗaliba a baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, da me aka yi su?" Na ce ban sani ba! Ba wanda ya sani! Ta dube ni kamar in mayar mata da ranarta. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Ina ma in iya zuba musu wannan daɗin a cokali su ɗanɗana.

Alhamis, da safe

Saura mako guda. Na goge kujerar Malam da kaina. Da sauƙi, in ji Mama.

Juma'a, da yamma

Ana wata ga wata.

Sabon awo ya iso daga madubin hangen nesa da muke aron lokacinsa a wata ƙasa. A gefen hotonmu akwai wani ɗan ɗigon haske dishi-dishi, mun daɗe muna ce masa Maƙwabciya. Duk zatonmu can baya take, nesa, ba ruwanta da mu. Awon yau ya ce ƙarya ne. Tana nan manne da gungun da ke lanƙwasa haskenmu. Ita ma tana ja, kuma nauyinta ba ya cikin lissafi.

Abu na farko da na ji, wallahi, murna ce. Har na ce da allon, "Ashe nan kike, munafuka!" Sai daga baya na tuna Alhamis.

Sa ta a lissafi ba aikin kwana biyu ba ne, sai an sake gina komai daga tushe. Makonni.

Ni kaɗai na buɗe saƙon.

Asabar, da rana

Na yi wanki, na yi guga, har labulen da ba su yi datti ba na cire. Ban gaya wa kowa ba.

Lahadi, da yamma

Baban yara ya ce tun jiya ina zagaye gidan kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Na faɗa masa. Ya ce, "In kin yi shiru wa zai sani?" Na ce ba kowa, ƙila sai bayan shekaru. Ya ce, "To shi Malam, in ya ji daga baya?"

Na ce masa ya daina cewa daga baya. Na faɗa da tsawa, har yara suka leƙo daga ɗaki. Bai yi min laifin komai ba, bawan Allah.

Litinin, da hantsi

Na nuna wa Dogo. Ya dafe kai da hannu biyu ya ce, "Yaya, ƙila fa ba ta gusar da komai ba." Na ce ƙila. Ƙila kuma ta gusar. In mun buɗe muka ga lambar, sannan muka zo gyara, wa zai yarda da gyaran? Mu kanmu ba za mu yarda da shi ba.

Na rubuta wa 'yan ƙungiya kafin zuciyata ta canja. An ɗage buɗewa sai abin da hali ya yi.

Litinin, da yamma

Na shiga ɗakin Malam ina jan ƙafa, na fito da hoton a waya na nuna masa. Ya sa tabarau, ya kawo fuskarsa daf da allon, sai ga shi yana dariya.

"Wannan 'yar mitsitsiyar! Shekara nawa tana kallonmu tana mana dariya! Wa ya kama ta?"

"Ni ce, Malam."

"Kin gaya musu?"

"Tun da safe."

"Madalla. Gaggawa aikin shaiɗan ce. Sama ba ta gudu, a gyara a hankali."

Sama ba ta gudu. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana auna gudunta.

Mama ta biyo ni har bakin matakala, ta riƙe min hannu ta faɗa min abin da babban likita ya ce da safe. Ba zan rubuta shi ba. Sannan ta ce, "'Yata, ni ban san karatunku ba. Amma mutumin nan tun ina amarya yake ambaton lambar nan, har a barci. Ki shiga ki ce masa kun buɗe, ki faɗi wadda yake so. Wa zai kama ki?"

Na ce, "Mama, shi zai kama ni. Tambaya biyu zai yi min ya gane." Gaskiya ce, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Ko da ba zai gane ba, bakina ba zai iya ba. Ta sake min hannu ta koma ciki. Na ji haushin kaina har na isa gida.

Laraba, da safe

Aiki! Na raba shi uku, ni da Dogo da wata abokiyar aikinmu ta ƙetare. Na ba wa wani malami ajina na makon nan. Maƙwabciya ta shiga lissafi, kuma tun gwajin farko hotuna huɗun nan suka zauna daram a inda ya kamata, wani ɗan karkacewa da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya ya ɓace ɓat. Na yi ihu har masinja ya shigo da gudu. Haske ya taso tun babu duniyarmu, ya biyo ta gefen wannan 'yar aba, ta ɗan ture shi, ni kuma ina zaune a kan kujerar roba na gane! Wa ya kai ni sa'a?

Alhamis, da hantsi

Da yau ce ranar buɗewa. Na mayar da kujerar lungu.

Juma'a, tsakar rana

Na'urar sanyaya ɗakin kwamfutoci ta mutu, injuna suka ɗau zafi suka kashe kansu a tsakiyar lissafi. Aikin jiya duk ya tafi. Ofishin gyara suka ce sai Litinin. Litinin! Na kira Baban yara ina huci, ya rufe shago ya zo da jakar kayan aikinsa, ya hau tsani yana mita wai wanda ya haɗa wayoyin nan bai ji tsoron Allah ba. Kafin a tashi aiki sanyi ya dawo. Yana sauka ya ce, "A rubuta a takardarku cewa ni ma na taimaki sararin samaniya." Dogo ya ce za a rubuta. Zan tabbatar an rubuta kuwa.

Asabar, da yamma

Malam ya fara zance a kan tsohon haske, ya kai tsakiya ya tsaya. Na jira. Ya ce, "Ina muka kwana?" Na ce a kan Maƙwabciya. Ya ce, "Yauwa." Bai ci gaba ba.

Da sauƙi.

Litinin, da safe

Maƙwabciya ta gusar da amsar, kaɗan, ba da yawa ba. Daga ina zuwa ina, oho, akwati a rufe yake. Amma sai an gwada ta da siffofi daban-daban na nauyin, kowane gwaji kuma kwanaki yake ci, injin ba ya jin magiya. Na tsaya a kansa ina cewa yi sauri mana, kamar mai jiran tukunya.

Talata, da hantsi

Ina wanke kofi wata dabara ta faɗo min. Na bar famfo a buɗe na ruga ofishin Dogo.

Doka ba ta ce ba mai gani ba. Ta ce wanda ya gani ya cire hannu. To Malam zai iya gani! Shi kaɗai! Mabuɗin yana hannun Dogo, zai shirya komai ta yadda maɓalli ɗaya za a danna, mu juya baya, Malam ya duba ya rufe. Amsar ba ta ƙarshe ba ce, amma yanzu mun san gusawar ba mai yawa ba ce, zai ga gidan da ta nufa. Ba a karya komai ba, ba a yi wa kowa ƙarya ba! Na yi ta zuba kamar famfon da na bari.

Dogo bai yi murna ba. Ya ce, "Yaya, kin san abin da hakan ke nufi. Har jiya yana aiko min da gyara ta bakin Mama. In kin ce masa ya duba, kin ce masa ke nan ba zai..."

Na ce na sani.

"Wa zai faɗa masa?"

Na koma na rufe famfo.

Laraba, da rana

'Yan ƙungiya duk sun yarda, ba wanda ya tambayi dalili. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Alhamis, da yamma

Na faɗa masa. Na yi ta kewaye-kewaye, doka kaza, maɓalli kaza. Ya bar ni na gama tas, yana kallon silin.

"Wato kin sallame ni daga aiki."

"Malam, ba haka..."

"Faɗi mana. Mai Gardama yau ta rasa baki?"

Mama na zaune a gefe tana ɓare lemo, ta daina. Na ce, "Malam, ba za ka dawo ofis ba. Kuma ba na jin za mu gama kana nan."

Ga shi na rubuta.

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Kowa ya shigo sai ya ce min da sauƙi, har na fara zargin kunnena. Sannu, 'yar nan." Ya miƙo hannu na riƙe, ba nauyi ko kaɗan. Can sai na ga idonsa ya kawo haske irin na da, ya ce, "To me ake jira? Ku kawo min abata gobe da safe, tun kaina yana tare da ni. Zan riga ku duka! Zan riga har masu saba'in da uku!"

Na fito ina kuka ina dariya, mai gadin ƙofa ya bi ni da kallo.

Juma'a, tsakar rana

An yi.

Dogo ya ɗora kwamfutar a kan teburin cin abincin marasa lafiya, ya nuna masa maɓallin. Mama ta gyara masa tabarau. Kafin mu juya Malam ya ɗaga yatsa.

"Sharaɗi ɗaya. Ke da Dogo, daga yau kada wanda ya ƙara shigowa ɗakin nan sai kun gama. Ko a waya ba na son jin muryarku. Labarin zuciya a tambayi fuska, ke kuwa kin fi kowa iya karanta tawa. Kallo ɗaya za ki yi min ki san lambar, aikin shekaru ya lalace."

Wannan ban hango shi ba. Ni da na ƙirƙiro dabarar, ban hango shi ba. Na ce Malam haba, zan rufe ido, zan zauna a bayan labule. Ya ce, "Za ki ji a numfashina. Kin yarda ko a mayar da kwamfutar?"

Na dube shi sosai, na ɗauki lokacina, bai hana ni ba. Na ce na yarda.

Muka juya muka fuskanci bango. Akwai wata tsaga a fentin, na bi ta da ido daga sama har ƙasa. Na ji ƙarar maɓalli. Shiru. Ko numfashinsa ban ji ba, ina jin riƙe shi ya yi, tsohon nan. Sai na ji an rufe kwamfutar.

"Dogo, miƙo hannu ta baya ka ɗauka. Ku tafi, kada ku waiwayo. Mai Gardama, je ki gama aikinki."

Muryar nan shafe take kamar mai karanta sanarwa. Ban waiwaya ba.

Mutum ɗaya a duk duniya ya san abin da fitilarmu ta ce, kuma Malam ne. Duk da komai, in na tuna wannan sai in ji tsigar jikina ta tashi don daɗi.

Lahadi, da safe

Mama ta kira. "'Yata, tun da kuka fita mutumin nan yake..." Na ce Mama don girman Allah tsaya! Kada ki faɗa min ya ci abinci ko bai ci ba, ya yi fara'a ko bai yi ba. Ta ce wannan wane irin aiki ne da ba a tambayar jikin mara lafiya. Muka shirya: ni zan riƙa ba ta saƙo ta kai masa, daga can kuwa kalma ɗaya za ta ce min, yana nan.

Talata, da yamma

Gwaji na biyu ya fito lafiya lau. Na ce Mama ta gaya masa Maƙwabciya ta fi yadda muka zata tsawo, kamar ƙwai take ba kamar lemo ba. Yana nan.

Alhamis, da hantsi

Na bi ta titin asibitin, ba hanyata ba ce. Daga bakin titi ana hango tagar. Na sunkuyar da kai na wuce, kada ya zamana yana zaune a wurin.

Gwaji na uku yana kan wuta. Saura kaɗan, saura kaɗan! Yana nan.

Asabar, da safe

Mama ta kira. Ba ta faɗi kalmar ba.

Allah ya jiƙan Malam.

Litinin, da yamma

Gidan cike da mutane. Mama ta jawo ni jikinta, ta ce a kunnena, "Yanzu ai sai ki bari in faɗa miki." Na ce a'a Mama, riƙe min, ba mu gama ba. Wata tsohuwa da ke kusa ta harare ni, ta ga marar imani. Ta yi ta harara.

Na tsani Maƙwabciya. Na tsani injin nan mai tafiyar hawainiya, na tsani dokar, na tsani ranar da na wanke kofin nan. Da na yi shiru tun farko da an buɗe yana zaune a kan filo ina gefensa, mu yi musu har a kore mu. Ban sani ba ko daidai na yi. Kowa ya ce daidai na yi, kowa kuma ya samu ya yi sallama da shi ban da ni da Dogo.

Laraba, da safe

Na koma ofis. Gwaji na ƙarshe.

Juma'a, da hantsi

Ya fito, ya dace da sauran. Kowa ya sa hannu. Litinin.

Litinin, da rana

Mun buɗe!

Ɗakin taro, 'yan ƙetare a kan allo, wasunsu da kofin shayin safe, wasu har sun ci abincin rana. Dogo ya ce ni zan danna. Na danna.

Sama ta faɗa. Can wajen saba'in da uku, ba ta ko kalli sittin da bakwai ba.

Ɗakin ya kaure. Wani yana tafi, wata ta rufe baki da hannu, Dogo yana ta faɗin kai, kai, kai. Na san fitila ɗaya ce, awo ɗaya ne, bai kashe gardamar ba, gobe wasu za su zo su nemi dattin da ke namu ma'aunin, kuma su zo ɗin, ina jiransu. Amma mun auna da ido a rufe, ta hanyar da ba ta aro komai daga kowane ɓangare ba, ga inda ta sauka. In haka ne, akwai abin da sama ke yi wanda ba mu san shi ba tukuna. Ina raye, ina da ƙarfina, kuma akwai shi!

Sai da hayaniya ta lafa na tuna cewa Malam bai yi daidai ba. Kuma ya sani. Da wannan ya kwana, da shi ya tashi, har ƙarshe, ni na kai masa har gado.

Na ɗau jakata na fita ana kirana.

Litinin, da yamma

Mama na zaune a falo ita kaɗai, tabaransa a kan tebur. Na durƙusa a gabanta na ce, "Mama, mun gama. Yanzu faɗa min. Kada ki rage komai."

Ta ce ya ɗaure fuskar nan tamau yana sauraron takunmu har muka sauka daga matakala. Ya ce ta leƙa ta tabbatar mun tafi. Tana ce masa mun tafi sai ya fashe da dariya, irin wadda ba ta ji ba tun suna da ƙuruciya, har tari ya sarƙe shi ma'aikaciyar jinya ta shigo da gudu. Yana ta faɗin, "Na sha ƙasa! Wallahi na sha ƙasa! Ashe aljanin ne!" Ya ce a ba shi shayi da burodi, ya cinye tas. Duk likitan da ya shigo sai ya tsare shi ya ce, ka san akwai abin da ba mu sani ba? Su ce eh Baba, su duba ƙarin ruwa su fita. Ya ce mata, "Yarinyar nan ta samu aikin yi har tsufanta, ina taya ta murna, ina kuma yi mata hassada."

Na ce, "Bai yi baƙin ciki ba? Mama, gaskiya."

"Ko kaɗan. Ban taɓa ganinsa da farin ciki kamar na kwanakin nan ba." Ta ɗauki tabaran tana goge shi da bakin mayafinta. "Sai dai ƙofa. Shi ya hana ki zuwa, na sani, da kunnena na ji. Amma duk wanda ya taɓa ƙofar nan sai ya ɗago kai ya duba."